Gwamna Glover, Baturen Da Ya Ɗebi Kakanninmu Aikin Soja A Ikko

Duk wanda ya taɓa ratsa Ikoyi ya san titin Glover, amma kaɗan ne cikinmu suka san mai sunan. To, 'yan'uwa, wannan Bature tarihinsa ya sarƙe da na zaman Hausawa a garin nan.

An haifi John Glover a Ingila a 1829. Sojan ruwa ne. A 1857 ya shigo Kogin Kwara cikin ayarin Dakta Baikie, jirginsu ya yi karo da dutse kusa da Jabba ya fashe. Wannan haɗari shi ya sa ya yi ta takawa a ƙasa tsakanin ƙasar Nufe da Ikko, har ya saba da Hausawa, ya ga juriyarsu.

A lokacin Ikko na cikin ruɗani. A 1851 Turawa suka yi wa garin ruwan igwa, suka kori Sarki Kosoko, suka mai da Akitoye. A 1861 aka matsa wa ɗansa Dosunmu ya sa hannu ya sallama garin ga Ingila. A 1863 Glover ya karɓi ragamar mulki.

Nan fa ya tara Hausawa, akasarinsu bayi ne da suka tsere wa iyayengijinsu a ƙasar Yarbawa, ya ba su bindiga da kaki. Kada mu ruɗi kanmu, ba don Allah ya yi ba. Masu tsaron mulkinsa yake nema, waɗanda ba su da dangi a garin. Su kuwa 'yanci suke nema, kowa ya sami abin da yake so. Da su ya fatattaki Egbawa a Ikorodu a 1865. Daga wannan 'yar runduna ce sojan Nijeriya ke ƙirga asalinsu.

Shi ne kuma ya yanka filaye a Ebute Metta ga waɗanda suka gudo daga Abekuta a 1867. Yarbawa na kiransa Goloba.

Ya bar Ikko a 1872. Da yaƙin Asante ya tashi a 1873, ya sake jan sojojin Hausa zuwa can, suka isa Kumasi a 1874 bayan an riga an ƙone ta. Daga baya aka naɗa shi gwamnan Newfoundland, can wajen Kanada. Ya mutu a Landan a 1885, shekara 29 kafin Ikko ta zama babban birnin Nijeriya.