Janar Murtala Ramat Muhammad a Fagen Yaƙin Basasa

Yawancin ƙannenmu a wannan ƙungiya hoton marigayi Janar Murtala na jikin naira ashirin kawai suka sani, sai kuma ɗan labarin mulkinsa. Ni kuwa tun ina firamare a ƙauyenmu na ƙasar Ɗambatta na fara jin sunansa, lokacin da ake taruwa a ƙofar gidan mai gari bayan sallar isha'i ana sauraron labarin yaƙi a rediyo.

An haife shi a birnin Kano ran 8 ga Nuwamba, 1938. Ya yi Midil ta Kano, ya wuce kwalejin Zariya wadda ake kira Barewa, ya shiga soja a 1958, aka tura shi Sandhurst a Ingila, daga baya ya je aikin kiyaye zaman lafiya a Kwango. Yana cikin manyan waɗanda suka shirya juyin mulkin Yuli 1966, wanda ya kawo Yakubu Gowon.

An fara yaƙi ran 6 ga Yuli, 1967, mutane suna tsammanin abin 'yan makonni ne. Sai ga shi ran 9 ga Agusta, muna tsakiyar damina, sojojin Biyafara sun haye Kwara sun mamaye Jihar Tsakiyar Yamma, har suka kai Ore a kan hanyar Legas. A nan ne aka damƙa wa Murtala Runduna ta Biyu, wadda a gaskiya babu ita sai suna. Ya tattara kuratan da ba su gama horo ba, ya kama motocin haya, ya tasa abokan gaba a gaba, ran 20 ga Satumba ya shiga Benin. A ganina wannan ita ce babbar mahaɗar yaƙin, domin daga nan Biyafara ba ta ƙara yin barazana ga Legas ba.

To amma zafin naman da ya yi masa rana a Benin shi ya ja masa asara a bakin kogi. A Asaba, ran 7 ga Oktoba, sojojin rundunarsa suka kashe ɗaruruwan farar hula maza. Rediyo bai gaya mana wannan ba, sai da muka girma muka karanta, kuma bai kamata mu ɓoye wa yaranmu ba. Da ya tarar an karya gadar Kwara, hedkwata ta ba shi shawara ya zagaya ta Idah ya haye lami lafiya, ya ƙi. Sau uku yana tura sojoji cikin jiragen ruwa su auka wa Anaca kai tsaye, sau uku ana mayar da su da mummunar asara. Wani tsohon soja a garinmu ya sha ba mu labarin samarin ƙasarmu da suka nutse a can. 'Ya'yan manoman gero da gyaɗa ne, ruwan da suka sani bai wuce kududdufin bayan gari ba.

Daga ƙarshe ta Idah ɗin ya bi, ya gangaro ta Awka ya kama Anaca cikin Maris 1968. Ran 31 ga watan aka yi wa ayarin motocin rundunarsa kwanton ɓauna a Abagana, wuta ta tashi daga tankar mai ta cinye kusan ayarin duka. Ba a daɗe ba ya bar fagen daga, Ibrahim Haruna ya karɓi rundunar. Yaƙin bai ƙare ba sai Janairu 1970.

Ya hau mulki bayan kifar da Gowon ran 29 ga Yuli, 1975, da halinsa na dā. Cikin kwana kamar 200 ya sallami dubban ma'aikata, mai laifi da marar laifi, ya mayar da jihohi 19 daga 12, ya tsai da shawarar mai da babban birni Abuja. Ran Juma'a 13 ga Fabrairu, 1976, mutanen Dimka suka harbe shi cikin cunkoson motoci a Legas, yana da shekara 37. Muna makarantar kwana a lokacin, kuma na tuna abincin rana ya kwana a tukunya ba mai ci. A Kano aka binne shi. Allah ya jiƙansa, ya jiƙan duk waɗanda yaƙin ya ci.