Shehu Muhammadu al-Katsinawi, Gwanin Hatimi

Duk wanda ya tashi a cikin ganuwar Kano ya san hatimi, wato gidajen lambobin nan da malaman zaure ke zanawa a allo. Sai dai kaɗan ne suka san cewa ɗaya daga cikin waɗanda suka rubuta ƙa'idarsa ɗan ƙasar Hausa ne.

Shehu Muhammadu ɗan Muhammadu, Bafulatanin Katsina, ya yi karatu a gida da Barno, sannan ya tafi aikin Hajji wajen 1730. A 1732 ya rubuta littafi da Larabci kan yadda ake jera hatimi mai gidaje mara, kamar uku-uku, biyar-biyar ko bakwai-bakwai. A mai uku-uku, lambobi 1 zuwa 9 ne, kowane layi ya ba da 15, a tsaye, a kwance ko a karkace. A mai biyar-biyar kuwa 65. Mutane sun fi kallon abin ta fuskar asiri, alhali tsantsar lissafi ne.

Ya rasu a Alƙahira a 1741, a gidan Shehu Hasan al-Jabarti, mahaifin shahararren masanin tarihin Masar, wanda ya bar wa amanar littattafansa. Allah Ya jiƙansa.