Marcel Dassault, mutumin da ya cinye kasuwar jiragen yaƙin Faransa

Yau filin tarihi ya kai mu Faransa, wurin wani attajiri mai suna Marcel Dassault, wanda kamfaninsa ya ƙera jiragen yaƙin nan da ake kira Mirage. Mutanen Yamai sun san ƙararsu, domin an girke su a filin jirgin babban birnin har zuwa 2023, shekarar da sojojin Faransa suka bar Nijar. A da, kamfanonin da ke ƙera jiragen soja a Faransa sun fi goma, amma yau mai ƙera jirgin faɗa saura ɗaya tak, shi ne na Dassault. To, yaya aka yi mutum ɗaya ya watsa kasuwa ya zauna shi kaɗai?

An haife shi a Paris ranar 22 ga Janairu 1892, sunansa na yanka Marcel Bloch. Ubansa likita ne, Bayahude, kuma shi ne auta cikin ƴaƴa huɗu. A 1909 ya ga jirgin sama yana kewaya hasumiyar Eiffel, daga nan sha'awar abin ta shiga ransa. Ya karanta aikin lantarki, sannan ya shiga makarantar injiniyoyin jirgin sama, ya gama a 1913.

Cinikinsa na farko ƙarami ne. Lokacin Yaƙin Duniya na Ɗaya ya zana wata farfela ta katako mai suna Éclair, ya kai wa wani mai shagon kujeru aka sassaƙa masa, sojoji suka gwada suka saya. Shi da abokinsa Henry Potez suka ƙera jirgi sukutum, gwamnati ta yi odar 1,000. Sai dai a watan Nuwamba 1918, daidai lokacin da jiragen suka fara fitowa, yaƙi ya ƙare, aka soke odar, ɗari da ƴan kai kawai aka karɓa. Duk wanda ya taɓa saro kayan salla suka iso bayan salla ya san irin wannan faɗuwa. Bloch ya bar harkar jirgi, ya koma sayar da kujeru da gina gidaje. A 1919 ya auri Madeleine, ɗiyar gidan masu sana'ar kujerun.

Da gwamnati ta kafa ma'aikatar jiragen sama a 1928, sai ya dawo da jarin da ya tara. Cikin jiragensa na lokacin akwai Bloch 120 mai inji uku, wanda ya fara ɗaukar wasiƙu tsakanin Aljeriya da Yamai a 1934. Amma a fagen jirgin faɗa wasu sun sha gabansa. Morane-Saulnier ne ya ci gasar da aka buɗe a 1934, samfurin Bloch kuwa da aka zo gwaji a 1936 ko tashi daga ƙasa bai yi ba, sai da aka sake masa aiki. A shekarar ce kuma gwamnati ta karɓe akasarin masana'antun jiragen soja, har da nasa. An biya shi diyya, an ba shi shugabancin ɗaya daga cikin sababbin kamfanonin gwamnati, shi kuma ya riƙe ofishinsa na zane, domin ya gane can ne ainihin jarin yake.

Jarrabawa mafi tsanani ta zo bayan Jamus ta ci Faransa a 1940. Gwamnatin Vichy ta kulle shi, Jamusawa suka nemi ya yi musu aiki, ya ƙi. A watan Agusta 1944 aka kai shi sansanin Buchenwald, inda dubban mutane suka mutu da yunwa da cuta da azaba. Fursunoni ƴan kwaminis, ƙarƙashin wani mai suna Marcel Paul, su suka kare shi har aka buɗe sansanin a watan Afrilu 1945. Ya fito yana da shekara 53, jiki ya lalace, ya yi shekaru yana fama da shanyewar jiki. A 1949 ya ɗauki sunan Dassault, daga sunan ɓoye da wansa, Janar Paul Bloch, ya yi amfani da shi wajen yaƙar mamayar Jamus.

Daga nan ne ya nuna irin dabararsa. Kamfanonin gwamnati sun fi shi ma'aikata da kuɗi, amma komai nasu sai ya jira sa hannun ofis. Shi kuwa da kuɗin aljihunsa ya soma ƙera Ouragan, jirginsa na farko mai injin jet, wanda ya tashi a watan Fabrairu 1949. Sojojin Faransa suka saya, Indiya da Isra'ila ma suka saya. Kuma ba ya sake komai a lokaci guda. In ya canza fiffike sai ya bar gangar jiki, in ya canza inji sai ya bar sauran. Haka Ouragan ya haifi Mystère, Mystère ya haifi Super Mystère. Sannu ba ta hana zuwa.

Babbar karawa ta zo a tsakiyar shekarun 1950, da sojoji suka nemi jirgi mai saurin tare jiragen abokan gaba. Kamfanonin gwamnati suka fito da abubuwan ban mamaki: Trident mai tashi da roka, da Durandal, da Griffon mai wani sabon irin inji. Dassault ya ga samfurinsa na farko ya yi ƙanƙanta, sai ya ƙara masa girma, ya sa masa injin Atar da ake ƙerawa a Faransa. Wannan shi ne Mirage III, wanda ya tashi ranar 17 ga Nuwamba 1956, kuma a 1958 ya ninka saurin sauti sau biyu. Lokacin yaƙin Aljeriya yana cin kuɗi, gwamnati ba ta iya ɗaukar nauyin kowa, sai ta zaɓi jirgin da zai yi aiki iri-iri, ta rufe sauran. Bayan yaƙin kwana shida na 1967, inda Isra'ila ta yi amfani da Mirage, masu saye suka yi ta zuwa, har Libiya a 1970. An ƙera sama da 1,400 na wannan dangi. Babban abokin takara mai zaman kansa da ya rage shi ne Breguet. Dassault ya sayi akasarin hannun jarinsa a 1967, ya haɗe shi da nasa a 1971.

A nan ne mutum zai tambayi kansa, da a ce ya mutu a Buchenwald fa? Injin Atar yana nan, injiniyoyi suna nan, don haka da wuya Faransa ta rasa jirgin kanta. Mai yiwuwa Durandal ne zai samu kwangilar, Breguet kuma ya ci gaba da rayuwa da jirginsa Jaguar da ya yi tarayya da Ingila, kasuwa ta zama ta mutum biyu ko uku. Da hakan ta faru, da gwamnati na da wurin taya farashi, domin mai saye da ke da dillali ɗaya ba shi da bakin ciniki. Amma kuma jirgin faɗa abu ne mai cin dukiya, mai sayensa na gida ɗaya ne, kuma kuɗinsa ba su isa su ciyar da shago uku ba. Ko ba Dassault, da wuya kasuwar ba ta ƙare a hannun mutum ɗaya ba.

Ba kullum ya ci riba ba. Jirgin fasinjansa Mercure 12 kacal aka ƙera. A 1975 ƙasashen Turai huɗu suka ƙi Mirage F1 suka sayi F-16 na Amurka. Mirage 4000 da ya zuba wa kuɗinsa ya tashi a 1979, bai samu mai saye ko ɗaya ba. Kuma kada a manta, hajar tasa ta kisa ce: Jaguar da Mirage sun shiga yaƙin Cadi a shekarun 1980, ita ma Libiya da ke wancan ɓangare tana da Mirage. Ya yi depite shekaru masu yawa, ya mallaki mujallar Jours de France, masu sukarsa suna ganin kusancinsa da masu mulki ya taimaki cinikinsa.

Ya rasu ranar 17 ga Afrilu 1986 yana da shekara 94, ƙasa da wata uku kafin samfurin Rafale ya yi tashinsa na farko. Ɗansa Serge ya gaje shi, shi ma ya rasu a 2018, kuma har yau iyalin ne ke da rinjaye a kamfanin. Sau uku aka raba mutumin nan da shagonsa, a 1918 da 1936 da 1940, kowane karo kuma ya dawo, domin abin da ya iya yana cikin kansa, ba a cikin shagon ba.