Sarkin Musulmi Muhammadu Bello da Zaunar da Makiyaya

An haifi Muhammadu Bello a shekarar 1781, ɗan Shehu Usmanu ɗan Fodiyo ne, mahaifiyarsa kuwa Hauwa'u. Zuriyarsu Torankawa ce, wadda ke danganta kanta da Musa Jakollo, wanda ya jagoranci ƙaurarsu daga Futa Toro har suka sauka a ƙasar Ƙonni. Ko da yake Fulani ne, gidan ya daɗe da barin yawon kiwo ya rungumi karatu. A Ɗagel, inda Bello ya tashi, allo da tawada su ne sana'a, amma unguwar malaman na kewaye da rugage, kuma dangantakar aure da ta almajiranci ta ɗaure su da masu shanu. Ya yi karatu a wajen mahaifinsa, da baffansa Abdullahi, da wansa Muhammadu Sa'adu.

Yana ɗan shekara 23 aka yi hijira zuwa Gudu a 1804. Yaƙin da ya biyo baya ya nuna masa ƙarfin makiyaya da kuma rauninsu. Fulanin Ƙonni na Aliyu Jeɗo, da na Kabi ƙarƙashin Moyijo, da Alibawan Namoda a Zamfara, da Sulluɓawa, su ne suka cika sahun Jama'a. Sai dai rundunar da dukiyarta ke tafe da ƙafa huɗu ba ta da rumbu. A 1805, lokacin da yunwa ta kai Jama'a Sabon Gari a ƙasar Zamfara, neman abinci ya sa mayaƙa suka faɗa wa garuruwan da suka karɓe su hannu biyu, Zamfarawa da dama kuwa suka juya musu baya. Wannan ɓaraka ba ta ɗinke da wuri ba, kuma da wuya a fahimci manufofin Bello na baya ba tare da ita ba.

Ya kafa Sakkwato a 1809, ya gaji mahaifinsa a 1817. Nan take Abdussalami ya yi tawaye a Kware, Gobirawa da Kabawa da wani sashe na Zamfarawa suka ɗaga kai. Maganin da Bello ya nema shi ne ribaɗi, wato garuruwa masu ganuwa a bakin iyaka, waɗanda mazaunansu ke noma da damina, su kuma tsaya da shirin yaƙi a kowane lokaci. Amma ganuwa sai da mutane, kuma mutanen da ya fi amincewa da su suna can daji bayan shanunsu.

A nan ne ya ɓullo da tsarin da ya bambanta shi da sauran shugabannin jihadi. Ya kira makiyaya su zauna wuri ɗaya, su rage garken shanu, su ƙarfafa kiwon dawaki da raƙuma da tumaki da awaki. Hujjarsa ta addini ce da ta mulki a lokaci guda. Saniya tana bin ciyawa da ruwa, tana jan mai ita nesa da masallacin Juma'a da makaranta da alƙali. Akuya da tunkiya kuwa suna wadatuwa da abin da ke bayan gari. Doki da raƙumi su ne abin hawan runduna. Ya ba waɗanda suka amsa kira filaye, ya tura musu limamai da malamai da alƙalai, ya kuma ƙarfafa su ga noma da sana'o'in hannu. Irin wannan shawara ya rubuta wa Muhammadu al-Jailani, jagoran Abzinawan Adar, game da nasa mutanen, abin da ke nuna cewa ba Fulani kaɗai yake nufi ba, rayuwar ƙaura ce gaba ɗaya yake son a sassauta. Murray Last ya ba wannan manufa muhimmanci a littafinsa na 1967 kan Daular Sakkwato.

Ba ƙaramin abu ya nema daga gare su ba. A wajen Bafillace shanu su ne sadaki, su ne gado, su ne ma'aunin mutunci, saboda haka rage garke tamkar rage daraja ne. Sulluɓawan da ke kewayen Sakkwato sun zauna, har ardo-ardonsu, kamar na Shuni da na Dingyaɗi, suka koma masu riƙon ƙasa. Wasu kuwa ba su saurara ba, suka ci gaba da bin burtali kamar yadda suka gada. Waɗanda suka zauna ɗin ma sun biya wani farashi da Bello bai ambata ba: sannu a hankali Hausa ta maye gurbin Fulatanci a bakin jikokinsu.

Shi kansa bai tsaya ga umarni ba. Clapperton, Baturen Birtaniya da ya ziyarce shi a 1824 da kuma 1826, ya tarar da shi a karo na biyu yana yawan zama a sansanin Magariya. Daga can ya gina Wurno a ƙarshen shekarun 1820, ya mai da ita mazauninsa, ya bar Sakkwato a hannun Waziri Giɗaɗo. 'Ya'yansa ma ya rarraba su a bakin daga: Aliyu Babba a Shinaka, Fodiyo a Lajinge. Bayan nasarar Gawakuke a kan Gobirawa da abokansu a 1836, bai daɗe ba ya rasu a Wurno cikin Oktoba 1837, a can kuma kabarinsa yake.

Ƙanensa Abubakar Atiku ne ya gaje shi, amma sarautar ta dawo gidansa a 1842. 'Ya'yansa huɗu sun zama Sarkin Musulmi: Aliyu Babba, da Aliyu Ƙarami, da Abubakar Atiku na Raba, da Mu'azu. Ta wajen Mu'azu aka sami Hassan, wanda ya hau a 1931, da Abubakar na Uku, wanda ya yi shekara 50 a kan gado daga 1938. Ta wajen Atiku na Raba kuwa aka sami Sardaunan Sakkwato Ahmadu Bello, wanda aka haifa a Raba, garin da kakansa ya riƙe a gefen Gulbin Sakkwato.