Muhammad bin Musa Al-Khawarizmi, malamin da ya sa lissafi hidimar rabon gado

Da sunan Allah Mai rahama Mai jin ƙai. Tsira da aminci su tabbata ga Annabi Muhammad da alayensa da sahabbansa.

An haifi Muhammad bin Musa Al-Khawarizmi wajen shekara ta 780 Miladiyya. Ana jingina shi ga Khawarizm, yankin da mafi yawansa ke cikin Uzbekistan a yau. A Bagadaza ya yi aikinsa, a Baitul Hikma, zamanin Halifa Ma'amun wanda ya yi mulki daga 813 zuwa 833. Ya yi rubutu kan taurari, da surar ƙasa, da lambobin Indiya da muke ƙirga da su.

Amma littafin da ya ɗaukaka sunansa shi ne Al-Mukhtasar fi Hisabil Jabri wal Muƙabala, wanda ya wallafa wajen 820. Jabru a Larabci shi ne ɗori, irin wanda maɗori ke yi wa karyayyen ƙashi: abin da aka tauye a gefe guda na lissafi, sai a cike shi, a ƙara kwatankwacinsa a ɗaya gefen. Muƙabala kuwa ita ce a dubi gefen biyu, abin da ya zo jinsi ɗaya a nan da can a debe ƙarami daga babba. Jinsi da jinsinsa ake haɗawa. Manomin Sinja ba ya tara buhun riɗi da na dawa ya kira su abu ɗaya. Duk da kalmomi Malam ya rubuta wannan, babu harafin x ko ɗaya.

Ga misali, ya ku ɗalibai. Mutum ya rasu ya bar 'ya'ya maza huɗu da dirhami 240, ya yi wa maƙwabcinsa wasiyya da kwatankwacin rabon ɗa guda, ban da dirhami 10. Kira rabon ɗa "abu". Abu huɗu da abu ɗaya sun zama abu biyar. Abu biyar ban da 10 daidai yake da 240. Yi ɗori, abu biyar ya zama 250. Kowane ɗa ya sami 50, maƙwabci 40, kuma wasiyyar ba ta kai sulusi ba, ta zartu.

Babban kaso na littafin irin waɗannan mas'alolin wasiyya da gado ne. Shi ya sa nake jin takaici idan na ga ɗalibi ya haddace ayoyin gado na Suratun Nisa'i, amma da an kawo gonar marayu a bakin kogi sai lissafi ya gagare shi, 'yan'uwa su watse da gaba a tsakaninsu.

A 1145 wani Bature, Robert na Chester, ya fassara littafin zuwa Latin a ƙasar Sifen. Daga jabru aka sami sunan aljabara, daga sunan Malam kuma aka sami kalmar algoridim da masana kwamfuta ke amfani da ita. Ya rasu wajen 850. Allah ya jiƙansa.