Waldemar Haffkine: Masanin da ya gwada rigakafin kwalara a jikinsa kafin ya yi wa wasu

A shekarar 1902, mutum 19 suka mutu a ƙauyen Mulkowal da ke yankin Punjab na Indiya bayan an yi musu allurar rigakafi daga kwalba guda. Gwamnatin mulkin mallaka ta Birtaniya ta ɗora laifin a kan mutumin da ya haɗa maganin, Waldemar Haffkine, ta dakatar da shi daga aiki. Sai da aka shekara biyar kafin a wanke shi. Kafin wannan rana, Haffkine ya yi shekara kusan goma yana yaƙi da biyu daga cikin cututtukan da suka fi kashe jama'a a Indiya a wancan zamani: kwalara da annobar ɓera.

Daga Odesa zuwa Faris

An haifi Haffkine a shekarar 1860 a birnin Odesa, wanda a lokacin yake ƙarƙashin daular Rasha, yanzu kuma yana cikin Yukiren. Ya karanci ilimin dabbobi a jami'ar birnin, a hannun Élie Metchnikoff, masanin da daga baya ya samu kyautar Nobel kan binciken garkuwar jiki.

Haffkine Bayahude ne, kuma Rasha ta wancan lokaci ba ta bai wa Bayahude kujerar farfesa sai ya bar addininsa. Ya ƙi, ya bar ƙasar a 1888 zuwa Jeniba, sannan ya bi malaminsa zuwa Cibiyar Pasteur da ke Faris. Aikin da ya samu a can shi ne na mataimakin mai kula da ɗakin karatu, don haka binciken ƙwayar kwalara a lokacin hutunsa yake yi.

Masanin Jamus Robert Koch ya riga ya nuna ƙwayar da ke haddasa amai da gudawa a 1884, kuma likitan Sifaniya Jaime Ferrán ya yi wa dubban mutane wani rigakafi a 1885, sai dai masana ba su gamsu da shi ba saboda ƙarfinsa ba ya zuwa daidai kowane lokaci. Wannan matsalar Haffkine ya tunkara. Ya riƙa ɗaukar ƙwayar daga jikin ɓeran Masar zuwa na wani har ta yi ƙarfi daidai gwargwado, ya kuma raunana wani kashi da zafi. Sai ya tsara allura biyu: ta farko mai rauni, ta biyu mai ƙarfi bayan 'yan kwanaki.

Ranar 18 ga Yulin 1892 ya yi wa kansa allurar. Ya yi zazzaɓi da ciwon kai, ya warke, sannan ya gwada a kan wasu abokansa da suka amince.

Unguwannin talakawa a Kalkata

Rigakafi ba ya tabbata sai an gwada shi inda cutar take. Lord Dufferin, jakadan Birtaniya a Faris wanda ya taɓa mulkin Indiya, ya share masa hanya, ya isa ƙasar a 1893.

Bai samu karɓuwa nan take ba. Likitocin Turawa sun raina shi saboda shi ba likita ba ne, talakawa kuwa suna tsoron duk abin da ya fito daga hannun gwamnatin mallaka. Dabarar da ya yi ita ce ya ɗauki likitoci 'yan ƙasa suna aiki tare, kuma ya riƙa yi wa kansa allurar a bainar jama'a.

A 1894 kwalara ta ɓarke a wata unguwar marasa galihu a Kalkata, inda mutane ke shan ruwan tafki ɗaya. Ya yi wa 116 daga cikin mazauna kusan 200 allura. Waɗanda suka kamu bayan haka duk suna cikin waɗanda ba a yi wa ba. Wannan kwatanci, na mutanen da ke zaune wuri guda suna shan ruwa guda, wasu da rigakafi wasu babu, shi ne tushen yadda ake gwada rigakafi har yau. Zuwa 1895 an yi wa fiye da mutum 40,000, kafin zazzaɓin cizon sauro ya kwantar da shi.

Annobar ɓera a Bombay

A watan Satumban 1896 annobar ɓera ta shiga Bombay, wato Mumbai ta yanzu. Ƙuma ce ke ɗauko ƙwayar daga jikin ɓera ta sa wa mutum, sai zazzaɓi mai zafi da kaluluwa a hammata ko matsematsi, kuma akasarin waɗanda suka kamu ba sa tashi. Dubban ɗaruruwan mutane suka tsere daga birnin.

Gwamnati ta kira Haffkine, ta ba shi ƙaramin ɗaki a kwalejin likitanci ta Grant da mataimaka kaɗan. Ya raini ƙwayar a cikin romo da ya ɗiga wa man shanu a sama, ƙwayoyin suka riƙa maƙalewa a jikin man suna yaɗuwa zuwa ƙasa. Da suka yi yawa sai ya kashe su da zafi, ya zama rigakafin da babu ƙwaya mai rai a cikinsa. Cikin kusan wata uku ya gama, kuma ranar 10 ga Janairun 1897 ya sake fara gwadawa a jikinsa.

Da cutar ta shiga gidan yarin Byculla, an yi wa fursunoni 147 allura, 172 ba a yi musu ba. Cikin waɗanda ba a yi wa ba, 12 suka kamu, shida suka mutu. Cikin waɗanda aka yi wa, biyu suka kamu, babu wanda ya mutu.

Aga Khan na uku, shugaban mabiya Isma'iliyya, ya karɓi allurar da kansa, ya ba Haffkine gida ya yi ɗakin gwaji, dubban mabiyansa kuma suka biyo baya. Sarauniya Victoria ta ba shi lambar girmamawa a 1897.

Kwalba mai lamba 53N

Mutum 107 aka yi wa allura a Mulkowal a ranar da abin ya faru. Waɗanda aka yi wa daga kwalba mai lamba 53N, su 19, duk cutar sarƙe-haƙora ta kashe su. Sauran ba abin da ya same su.

Kwamitin bincike ya gano cewa Haffkine ya daina zuba sinadarin kabolik a cikin maganin, ya koma tsarkake shi da zafi domin a samar da shi da sauri, hanyar da Cibiyar Pasteur ma ke bi. A kan haka aka yanke cewa kwalbar ta gurɓata tun daga ɗakin gwajinsa. Ya bar Indiya a 1904 babu aiki.

Amma cikin takardun binciken akwai shaidar cewa mataimakin da ya buɗe kwalbar a ƙauyen ya yar da hantsakinsa a ƙasa, kuma bai tsarkake shi yadda ya kamata ba kafin ya cire murfin. Ƙwayar sarƙe-haƙora a ƙasa take zama. Farfesa William Simpson na Landan ya ƙara da hujjar cewa da ƙwayar ta yi makonni a cikin kwalbar, da ta yi wari a lokacin buɗewa, alhali ba a ji wari ba.

Ronald Ross, wanda ya gano cewa sauro ke yaɗa zazzaɓi, ya shige gaba wajen kare shi. Damuwarsa ta wuce mutum ɗaya: idan aka bar zargin ya tsaya, jama'a za su guji rigakafin alhali annobar na kashe dubbai kowane mako. A watan Yulin 1907 masana goma suka sa hannu a wasiƙa a jaridar The Times, kuma kafin ƙarshen shekarar aka wanke shi.

Ƙarshen rayuwa

Haffkine ya koma Indiya, amma ba a mayar masa da ɗakin gwajinsa na Bombay ba. An tura shi Kalkata, inda ba a ba shi damar gwada sabon rigakafi a jikin mutane ba. Ya yi ritaya yana ɗan shekara 55 ya koma Turai, ya ƙarar da sauran shekarunsa da dukiyarsa wajen tallafa wa makarantun addinin Yahudawa a gabashin Turai. Bai yi aure ba.

A 1925 aka sauya sunan ɗakin gwajin Bombay zuwa Cibiyar Haffkine, sunan da take amsawa har yanzu. Tsakanin 1897 da wannan shekara, an fitar da allurar annobar ɓera miliyan 26 daga wurin. Ya rasu a Lausanne da ke Suwizalan ranar 26 ga Oktoban 1930, yana da shekara 70.

Rigakafin kwalara da ake rabawa a yau ta baki ake shan sa, kuma annobar ɓera tana warkewa da magungunan kashe ƙwayoyin cuta idan an gano ta da wuri. Hanyoyin da Haffkine ya bi kuwa, na kwatanta waɗanda aka yi wa da waɗanda ba a yi wa ba, da neman yardar shugabannin al'umma kafin a taɓa jikin jama'a, da su ma'aikatan lafiya ke aiki har gobe.