Tarihin Galileo, Masanin Motsi

An haifi Galileo a birnin Pisa na ƙasar Italiya a 1564. Mahaifinsa ya so ya zama likita, amma lissafi ya ɗauke masa hankali, har ya bar jami'a ba takardar shaida. Duk da haka ya koyar da lissafi a Padua daga 1592 zuwa 1610.

Malaman zamaninsa sun gaji magana cewa dutse mai nauyi ya fi ƙarami saurin faɗuwa. Shi kuwa sai ya gwada. Ya riƙa gangaro da ƙwallo bisa katako yana auna lokaci, ya ga idan lokacin ya ninka biyu, nisan yakan ninka huɗu. Ya kuma lura abin da ke tafiya ba ya tsayawa sai wani abu ya tare shi. Duk wanda ya taɓa shiga jirgin ƙasa daga Fatakwal zuwa Kafanchan ya san haka: direba na taka burki, fasinja sai su yi gaba.

Wajen 1602 ya ɗaure dalma a zare yana lilo da ita. Ya gane tsawon zaren ne ke yanke lokacin kai-da-komo, nauyi ba ruwansa. Da wannan ilmi Huygens na Holan ya ƙera agogo mai lilo a 1656.

A 1633 kotun coci a Roma ta hukunta shi don ya ce duniya ke kewaya rana, aka tsare shi a gida. Yana tsare, idanunsa na mutuwa, ya kammala littafinsa kan motsi, aka buga a Holan a 1638. Ya rasu a 1642.